Maki 218 ga JAMB kuma ta ce sai likitanci a Danfodiyo, ku ba mu shawara

Baban Nana (Mabera): Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Don Allah masu ilimi ku taimaka muna. Ɗiyata ta rubuta JAMB tas samu 218, likitanci tac cika ga jami'ar Danfodiyo, ita da uwatta sun kahe wai ko likita ko a bari. WAEC ɗinta tana da kiredit ga Lissahi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji amma Turanci D7 tas samu, ta yi NECO muna jiran sakamako. Ni ɗan kasuwa na, ban san kan abin ga ba, wani ya ce min 150 anka yanke ta wuce da nisa, wani kuma ya ce ko ƙohwa ba ta kai ba. To wane za ni ɗauka?

Kawun Illela: Wa alaikumus salam. Allah shi ba ta sa'a. Bari malammai su taho, mu namu shanu na.

Malam na Lissafi: Wa alaikumus salam Alhaji. Duka mutum biyun nan kowa ya faɗi rabin magana. Wancan 150 da ka ji shi ne mafi ƙarancin makin da aka amince da shi a taron JAMB na 2025 don shiga jami'a, a 2024 kuma 140 ne. Ma'anarsa kawai babu jami'ar da za ta ɗauki wanda bai kai nan ba. Amma kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kuma a cikin jami'ar kowane sashe yana da inda layinsa ke tsayawa, gwargwadon yawan masu nema da yawan kujeru.

218 ba ƙaramin maki ba ne, kada a karya wa yarinya gwiwa. A jarabawar 2025 cikin mutum kusan miliyan 1.9 da suka rubuta sama da miliyan 1.3 ba su kai 200 ba. To amma matsalar ita ce waɗanda suka haura 250 da 280 mafi yawansu ina suke nufa? Likitanci. Da su za ta yi takara ba da sauran ba. Kuma likitanci ba jami'a ke yanke adadin da take so ba, hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ce ke ba kowace makaranta kota bisa ga malamanta da gadajen asibitinta, in ta wuce kotar ita za a hukunta. Ni a ganina da 218 zama jiran MBBS, wato digirin likitanci, ɓata shekara ne.

Baban Nana: To Malam ba ance 'yan jaha suna da rangwame ba? Mu hwa 'yan asalin nan na, Wurno anka haihi kakanmu.

Malam na Lissafi: Akwai, amma ba yadda mutane ke zato ba. Jami'o'in tarayya suna raba kujeru kashi uku: kashi 45 cikin 100 cancanta zalla, duk inda ka fito a Najeriya makinka ne zai yi magana, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a baya wajen ilimin boko, Sakkwato da Kebbi da Zamfara duk suna ciki. Ka ga tana da ƙofa uku kenan. Sai dai a ƙofa ta biyu da ta uku ma da 'yan uwanta 'yan Sakkwato da Kebbi da Zamfara za ta kara, kuma yaranmu yanzu ba kamar da ba ne, akwai masu kawo maki mai ban tsoro.

Sannan ga maganar Turanci. D7 ba kiredit ba ne, kiredit daga A1 ne zuwa C6. Ƙa'idar gama gari ita ce kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu, wato kana iya haɗa WAEC da NECO. Amma makarantun likitanci da yawa suna cewa sai zama ɗaya, ko su fifita mai zama ɗaya in an zo tantancewa. Ke nan addu'ar da za a yi ita ce NECO ta fito da duka biyar ɗin a takarda guda, ba Turanci kaɗai ba.

Alhajin Gawon Nama: Malam duk wannan lissafin allo ne. Ƙasar nan wa ka sani ce. Alhaji ka nemi wani babba ya rubuta maka takarda magana ta ƙare.

Ɗan Dundaye: Baba Alhaji da girmanka amma zamani ya ɗan canza hwa. Tun 2017 da anka kawo CAPS, tsarin ɗaukar ɗalibbai na JAMB, duk adimishon sai ya bi ta shafin JAMB, jami'a ta tura suna, JAMB ta duba ta amince, sannan ɗalibi shi shiga da kanai shi danna ya karɓa. Ban ce babu alfarma ga duniya ba amma takardar babba ba ta mai da D7 ta koma C6, kuma in sunanka bai cikin jerin JAMB ko ka gama digiri ranar bautar ƙasa za ka ga tashin hankali.

Alhajin Gawon Nama: Yaro man kaza. Kai dai yi karatunka.

Mai Kafe (Runjin Sambo): Ku bar ni in faɗi abin da nike gani da idona don ni ka zama gaban kwamfuta ina cika ma yara fam. Uba shi aiko yaro da kuɗɗi cikin leda, yaron shi zamna in ce mi kake son karantawa, shi ce injiniya, in ce waɗanne darussa za ka rubuta, shi ce Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks don abokinai haka yac cika. In ce mai babu Lissahi babu injiniya, shi dube ni awa na zage shi. Wani kuma likita shika so amma ya cire Fiziks ya sa Aikin Gona don wai ya hi sauƙi. Irin wanga ko 300 yas samu kwamfuta ba ta ko kallon shi.

Abu na biyu da ka kashe mutane shi na rashin ɗora sakamakon WAEC ko NECO ga shafin JAMB. Yaro ya yi rajista da "ana jiran sakamako", sakamako ya hito, ya ɗauka ya kai gida an sa cikin akwati ƙarƙashin gado, shi ke nan. Sai jeri na hwarko shi hito babu sunanai, na biyu babu, a ce an yi mai asiri. Baban Nana ranar da NECO tah hito, washe gari ku tai cibiyar CBT, wurin jarabawa ta kwamfuta, da JAMB ta amince da ita a ɗora, ba kowane kafe ka iya wanga aiki ba, ni kaina tura su nike can.

Baban Nana: Allah shi saka da alheri, wanga na rubuta shi. To in ba likitanci ba sai mi? Don in na koma gida nac ce a bari sai an tambaye ni madadin.

Anti Nas: Yaya ai darussan nan huɗu da ta rubuta, Turanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, ba likitanci kaɗai suke buɗewa ba. Da su ake shiga digirin jinya, da haɗa magunguna, da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, da ɗaukar hoton asibiti, da likitan dabbobi. Bambancin shekaru ne da aiki. Likitanci shekara 6 sannan shekara guda ta horo a asibiti sannan bautar ƙasa. Jinya a jami'a shekara 5, gwaje-gwaje shekara 5, hoto shekara 5, haɗa magunguna 5 ne a tsohon tsari, sabon tsarin PharmD kuma 6. Kowanne yana da hukumarsa mai ba da lasisi kuma kowanne yana da shekarar horo bayan gamawa.

Amma kar in yaudare ka, jinya yanzu ba wurin gudun hijira ba ne. Tun da aka fara ɗibar nas-nas zuwa Ingila da Saudiyya kowa ya juyo can, cunkoson da ke kanta ya kusa na likitanci, ita ma da kotarta. Haɗa magunguna ma haka. In ni ce zan fi duba gwaje-gwaje ko hoto, ko kuma kwalejin jinya, muna da ta jiha ga kuma ta asibitin koyarwa, su ma yanzu ta JAMB ake bi kuma mafi ƙarancin da aka sa musu a 2025 shi ne 140. Mace mai aikin lafiya a jihar nan ba ta rasa wurin aiki, je ka asibitocin ƙananan hukumomi ka ga yadda mata ke juyawa gida don babu mace da za ta duba su.

Kawun Illela: Yawwa an zo wurina. Anti ta ambaci likitan dabbobi ta wuce da sauri awa abin kunya na. Wallahi mu da ka kwana cikin kara mun san darajatai. Ranar kasuwar Illela ko Achida ka ga bijimi gudali na kuɗɗi masu nauyi kwance shina nishi, mai shi ya rasa wanda za shi kira sai wani mai allura ga jakka wanda bai san komai ba. Ga jar akuyarmu da hwatarta ta yi suna har Turai. Ga masu gidan kaji sun cika gari. Kuma Danfodiyo tana da tsangayar nan da daɗewa, cikin gari ma take. Shi ma dokta aka ce mai hwa.

Anti Nas: Kawu ban raina ba wallahi 😂 shekara 6 ne shi ma kuma karatunsa ba wasa, wasu ma cewa suke ya fi namu wuya don mu jiki iri ɗaya muke karanta su kuwa saniya daban, doki daban, kaza daban. Abin da na sani masu nemansa ba su kai na likitancin mutane yawa ba. Amma sai yarinya tana so, wadda ke gudun kyankyaso ba za ta sa hannu cikin saniya ba.

Kawun Illela: To a tambaye ta mana, ba a tambayi uwatta ba.

Alhajin Gawon Nama: Ni shawarata mai sauƙi ce, ta karɓi duk abin da aka ba ta, ko Bayoloji ne ko Maikirobayoloji, in ta shiga aji biyu sai ta canza zuwa likitanci. Haka ake yi.

Ɗan Dundaye: Baba wagga magana ita ta hi kowace cutar da ɗalibbai. Ajinmu cike yake da waɗanda anka ce ma "shiga dai daga baya a canza ma". Mutum shi shiga kwas ɗin da bai so, zuciyatai tana wani wuri, shi ƙi maida hankali, sakamakon shekarar hwarko shi hito ba kyau, canjin da aka jira bai samu ba don can ɗin ma kujerun a ƙirge suke, sai ka gan shi aji huɗu shina jan kariyoba shina cewa shi da likita za shi zama. Ana samun mai canzawa amma ɗaiɗai na kuma sai mai sakamako na ƙwarai. Kada a gina rayuwar yarinya bisa wanga. Kuma a sani in ta danna ta karɓi adimishon ga CAPS to ta rufe ƙofar sauran wurare na wannan shekara.

Malam na Lissafi: Ɗan Dundaye ya gama magana. Zan ƙara abu ɗaya, Maikirobayoloji da Bayokemistiri digiri ne na kimiyya na shekara 4, masu kyau ne a kan kansu, amma ba su ba ka lasisin aikin gwaji a asibiti, wannan na wanda ya yi kimiyyar gwaje-gwaje ne ya yi rajista da hukumarsu. Iyaye da yawa ba su san wannan ba sai yaro ya gama ya je neman aiki.

In kuwa ta kafe sai likitanci, hanyoyin gaskiya biyu ne. Ko ta sake JAMB da shiri na sosai, ko ta yi IJMB, wanda jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ta karanta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji kusan shekara guda ta nemi shiga aji biyu kai tsaye. Sai dai kujerun shiga kai tsaye a likitanci sun fi na JAMB ƙaranci, sai mai maki na sama can. Shekarunta nawa ne Alhaji?

Baban Nana: Sha bakwai za ta cika bayan sallah.

Malam na Lissafi: To ta wuce ƙa'idar shekara 16, kuma tana da lokaci. Shekara ɗaya ba ta tsufar da ita. Amma ku zauna da ita ita kaɗai ku tambaye ta, likita take so ko farar riga take so.

Alhajin Gawon Nama: Ko kuwa a fitar da ita waje. Ga Nijar nan kusa, ga Kwatano, ga Masar. Shekara kaɗan ta dawo da kwali.

Ɗalibar Shari'a: Baba don Allah kar a ambaci Kwatano. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin, inda Kwatano take, da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri can cikin 'yan makonni har ya shiga bautar ƙasa da shi. Sudan kuma kowa ya ga yadda aka kwaso ɗalibanmu a 2023 da yaƙi ya ɓarke, wasu suna ajin ƙarshe. Sannan duk wanda ya yi likitanci a waje sai ya dawo ya ci jarabawar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya, kuma ba kowa ke tsallakewa ba. Masar da Saudiyya akwai jami'o'i na gaske, amma da dala ake magana.

Baban Nana: A'a maganar waje a aje ta, ko da kuɗɗin ba ni tura ɗiya mace ita kaɗai. Zariya ma sai na yi tunani. Na ji bayani, za mu jira NECO mu ga abin da Allah yay yi, sannan in zamna da ita.

Maman Khalifa (Arkilla): Tunda an buɗe maganar bari ni ma in sako tawa. Nawa yaron aji biyar yake a sakandare, ɓangaren fasaha, lauya yake so. Makarantarsu babu malamin Adabin Turanci sai suka ce su ɗauki Hausa a madadinsa wai duk adabi ne. Hankalina bai kwanta ba.

Ɗalibar Shari'a: Mama gara da hankalinki bai kwanta ba. Karatun lauya jami'o'i da yawa suna neman kiredit a Adabin Turanci, kuma a JAMB ma haɗin da aka saba shi ne Turanci, Adabin Turanci, sai biyu daga irin su Gwamnati ko Tarihi ko Addinin Musulunci. Akwai sassauci a wasu wurare musamman ɓangaren shari'ar Musulunci inda Larabci da Addini ke da nauyi, to amma wannan sai an buɗe kundin JAMB an duba jami'a ɗaya bayan ɗaya, kyauta yake a shafinsu, IBASS ake ce masa. Tunda yana aji biyar akwai sauran lokaci, a nemo masa malami ko na yamma ne ya karanta littattafan da aka sa, a yi masa rajistar darasin. Ya riƙe Hausarsa ba laifi amma kar ta zama madadi.

Kuma ku shirya da tsawon hanya. Shekara 5 a jami'a, sannan makarantar horon lauyoyi kusan shekara guda da kuɗinta mai nauyi, sannan bautar ƙasa. Nan ma akwai kota daga majalisar ilimin lauyoyi, shi ya sa makin lauya ke sama a ɓangaren fasaha kamar yadda na likita yake a kimiyya. Bambancin da ya kamata ki sani, a Zariya shari'ar Musulunci da ta zamani kwas biyu ne daban kana zaɓar ɗaya, a Bayero kuma haɗe ake yin su.

Maman Khalifa: Allah ya yi miki albarka 'yata. To Lissafi fa? Shi ne ciwon kansa, na ji an ce an cire wa 'yan fasaha.

Malam na Lissafi: Hajiya a ƙarshen 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da cewa kiredit a Lissafi ba dole ba ne ga mai neman kwasa-kwasan fasaha. Amma ni malamin Lissafi ne ba zan ce wa yaro ya jefar da littafi ba 😄 Dalilina, in lauya bai samu ba ya juya zuwa Tattalin Arziki ko Akanta ko Kasuwanci, duk sai da Lissafi, a sakandare da JAMB duka. Yaron da ya bar Lissafi a aji biyar ya rage wa kansa wurin juyawa.

Kawun Illela: Kowa ya yabi tuwon gidansu. Malam na Lissahi, Anti na asibiti, ni na shanu.

Mai Kafe: Tambayar da ba wanda yay yi ita ta wace jami'a. Kowa Danfodiyo Danfodiyo, sai ka ce ita kaɗai ta. Gaskiya tsohuwa ta, tun 1975, ga asibitin koyarwa ga tsangayoyi da yawa, shi yas sa kowa ka tururuwa can har daga kudu. Amma ga jami'ar jaha nan hanyar filin jirgi, ga ta ilimi ta Shehu Shagari, ga ta tarayya Birnin Kebbi da ta Gusau duk an kafa su 2013, ga ta kimiyya da fasaha Aleiro. Yaro mai 170 ko 180 shi nace ma zaɓin da masu 240 sunka cika shi ƙare babu ko ɗaya, alhali da ya canza zaɓi ya koma inda layi bai da tsawo da yanzu shina aji biyu. Kuma ku sani mahi yawan jami'o'i zaɓin hwarko kaɗai suka dubawa, sa suna ga zaɓi na biyu kusan ado na.

Ɗan Dundaye: Gaskiya na. Amma kahin a canza a duba ko kwas ɗin yana da amincewar NUC, hukumar jami'o'i ta ƙasa, in na sana'a na kuma a duba hukumar sana'ar, COREN ga injiniya, majalisar jinya ga nas. Sabuwar jami'a tana iya buɗe kwas kahin amincewa ta kammala. Sannan a yi lissahin zama. Mu nan wanda bai samu ɗakin kwana ba kullum shina bisa hanya tsakanin gari da Dundaye inda jami'a take, layin bas da sahe ga zahin Sakkwato watan huɗu, kuɗɗin mota kaɗai abin lissahi na. Yayyenmu suna ba mu labarin ambaliyar 2010 da ruwa yac cinye gadar hanyar jami'a. Wanda za shi Birnin Kebbi ko Gusau kuma ga haya ga abinci.

Alhajin Gawon Nama: Ga yajin aiki kuma ba ku faɗa ba. Shekara 4 a takarda.

Ɗan Dundaye: Nan kam Baba ba ni musu da kai. Na 2022 wata takwas anka yi gida, na 2020 ma ya kusa tara. Shi yas sa duk shekarun da Anti tal lissaho a ɗauke su in komi ya tahi daidai. Ta hannun kuɗɗi dai akwai NELFUND tun 2024, bashin karatu na babu ruwa, suna biyan kuɗɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati kuma akwai ɗan abin kashewa na wata, amma bashi na ba kyauta ba, bayan bautar ƙasa da shekara biyu aka hwara biya.

Ustaz na Gidan Igwai: Salamu alaikum, na daɗe ina karantawa. Tambayata a kan ɗalibanmu na makarantun Larabci ce. Akwai ƙanena ya haddace Alƙur'ani, ya yi jarabawar NBAIS ta kammala sakandaren Larabci da Addini, daga baya ya yi NCE a Larabci da Addini. Yanzu shekarunsa 27, yana koyarwa a Islamiyya, yana son digiri amma yana jin kunyar zama da yara ya rubuta JAMB. Akwai mafita?

Malam na Lissafi: Wa alaikumus salam Ustaz. Ai shi ba ya buƙatar zama jarabawar. Mai NCE fam ɗin shiga kai tsaye zai saya a JAMB, wanda ake ce wa DE, in makinsa na NCE ya kai abin da sashen ke nema a ɗauke shi aji biyu, shekara 3 ya gama digirin koyarwa a Larabci ko Addini. Takardar NBAIS karɓaɓɓiya ce, abin da zai duba shi ne kiredit ɗinsa biyar sun cika kuma akwai Turanci a ciki, don nan ne ɗaliban Larabci suka fi maƙalewa, mutum ya iya Nahawu da Balaga kamar ruwa amma Turanci ya riƙe shi. In babu ya rubuta ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara ya cike. Kuma ya je kwalejinsa da wuri a kan maganar tura sakamako, JAMB yanzu tana tantance takardun DE sosai saboda na bogi da aka yi ta kamawa.

Ustaz na Gidan Igwai: To aikinsa fa Malam? Yana da iyali, ba zai iya barin koyarwa ba.

Malam na Lissafi: To sai ya auna. Akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, suna da cibiya a nan Sakkwato, ba sa neman makin JAMB kuma yana iya haɗawa da aikinsa, sai dai ya fara zuwa ya ga ko suna da kwas ɗin da yake so. In kuma na cikakken lokaci zai yi ya sani in ya haura shekara 30 kafin ya gama ba zai je bautar ƙasa ba, takardar yafewa za a ba shi, kuma tana aiki wajen neman aiki.

Anti Nas: Ustaz ka ce masa ya cire kunya, a ajinmu akwai wadda muka yi karatu tare da 'yarta tana aji ɗaya ita tana aji uku.

Mai Kafe: Shi taho da lambar NIN da layin waya nashi na kanai wanda ba a taɓa rajistar JAMB da shi ba, kada shi ari na wani. Kuma sunan da ke ga NIN shi zan daidai da na takardar NCE harafi da harafi, in akwai Muhammad ga ɗaya Mohammed ga ɗaya a gyara tun yanzu kahin a buɗe sai da fam, don in an buɗe layin ofishin NIMC mai ba da NIN ba shi biyuwa.